Gwaggo a Gaban Mai Hannu Dubu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Gwaggo kuma ta riga mu. Ranar Talata bayan la'asar ta cika a wani asibiti a Bronx, kanta a kan hannuna, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Yayar mahaifina ce. Ita ta goye ni a Maradi da mahaifiyata ta rasu, ita ta kawo ni New York, ita ta aurar da ni. Yau kwana arba'in ke nan. Na zauna rubuta wannan ne domin abin da ya rage nata a wayoyin mutane hoto ne guda ɗaya, kuma ni ce na sa shi a can.

Kafin magariba gidanmu na Morris Heights ya cika maƙil. A hawa na huɗu muke, lif ɗin kuwa ya fi mu son hutu, amma tsofaffin da kullum ke kuka da gwiwa sun hau. Takalma tun daga ƙofarmu har bakin matakala. Masu sayar da gyale da agogo a bakin titi sun naɗe kayansu da wuri, 'yan tasi sun bar fasinja sun zo. Maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta shigo da tukunyar shinkafa da wake a ka, tana kuka tana neman inda za ta sauke. Wata mata daga unguwar Jamaica ta nan New York, wadda ban taɓa gani ba, ta zube a tsakar falo tana nuna doguwar kujerarmu. Ta ce wata uku ta yi tana kwana a kanta lokacin da ta sauka ƙasar nan ba ta san kowa ba, tun kafin a kawo ni.

Shugabar ƙungiyar matanmu, wadda muke ce wa Hajiya Babba, ta riƙe kaina ta ce, “Yanzu wa zai wanke mu?” Gaskiya ta faɗa. Duk macen da ta rasu a cikinmu, Gwaggo ake kira. Ita ta wanke mahaifiyar Hajiya Babbar da kanta. Aka tsayar da magana: wanka ranar Alhamis da safe, sallah bayan azahar a masallacinmu, daga nan a wuce maƙabarta. Maza suna cewa sai an shimfiɗa tabarmi har waje, don masallacin ba zai ɗauki jama'a ba.

Shekara shida na ƙarshen rayuwarta, Gwaggo aikin kula da tsofaffi a gidajensu take yi. Kamfanin ya tura ta unguwar Flushing, wurin wata tsohuwa 'yar China da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Tsohuwa take ce mata, alhali shekara biyu ce kawai a tsakaninsu. Tsohuwar ta rasu bara. Ranar Laraba da hantsi 'yarta ta turo mini saƙon ta'aziyya da hotuna shida. Na buɗe na farko, Gwaggo tana taje wa Tsohuwa kai. Na buɗe na biyu, tana tura ta a keke a bakin ruwa, su biyun suna dariya. Hawaye ya rufe mini ido. Na ce bari mutane su ga yadda har baƙi suka san darajarta, na kwashe hotunan duka na tura guruf ɗin mata. Sauran huɗun ban duba ba.

A hoto na biyar, Gwaggo ce sanye da hijabinta ruwan ƙasa, ta sunkuya a gaban wani ƙaton gunki mai ruwan zinari da hannuwa barkatai, ga turaren tsinke uku suna hayaƙi a hannunta. Tsohuwa tana gabanta, amma jikin Gwaggo ya kare ta, sai ƙafar wandonta ake gani.

Ban san abin da ake ciki ba sai da na ga falon ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan ta tuna yara za su taso daga makaranta. Kafin azahar takalman bakin ƙofa ba su fi ƙafa biyar ba. Na goge hoton, amma ya riga ya kai unguwar Soundview, ya kai Jamaica, ya kai Maradi. Hajiya Babba ta kira ni a waya, ita da ke zaune kusa da ni awa biyu da suka wuce. Ta ce, “Mu fa ba mu ce komai ba. Amma maigidana Alhaji ya ce in dakata da maganar wankan sai an ji daga malamai. Kuma ke kin sani, da kunnenmu mun sha jin tana ce wa abin nan Hajiyarsu.”

Haka ne, ta sha faɗa. Gwaggo ba ta iya ganin abu ba ta yi masa suna ba. Jirgin ƙasa mai lamba huɗu Sarkin Nawa ne, mijina kuwa Na Kusa Isowa, don amsarsa ke nan ko yana filin jirgi. Wannan gunkin, mabiya addinin Buddha na China suna ce masa Gwanyin. A wurinsu mai tausayi ce da ke jin kukan duk wanda ya kira ta, shi ya sa suke yi mata hannuwa da yawa, don ta kai ga kowa. Gwaggo ta sa mata Hajiyarsu Mai Hannu Dubu. In wanki ya taru ga girki ga shara, sai ta dafa ƙugu ta ce, “Ni ba Hajiyarsu ba ce, hannuna biyu ne, ke tashi.” Duk matan nan sun yi dariyar wannan magana, da bakinsu cike da tuwonta.

Ku da kuka san ta, ku tuna mana. Wace ce take da ƙaramar buta da dadduma a jaka ko biki za ta? Gwaggo ta yi sallah a shagon wanki, tsakanin injuna. Ta yi a dandamalin jirgi ana tsananin sanyi, ni ina tsaye a bayanta kunya kamar ta kashe ni. Ba ta shan azumin Litinin da Alhamis, ba ta shan na kwana ukun tsakiyar wata. Likkafaninta tun daga Makka ta zo da shi, yana ƙasan akwatinta, duk shekara sai ta fito da shi ta shanya. In na ce ta daina tsorata ni, sai ta ce, “Kayan tafiya ne, ɗiyata, ba a bari su yi wari.”

Tsohuwa tana da ɗa namiji da ƙwaya ta ɗauke wa hankali, ya fita wata rana bai dawo ba. Tun daga nan ta ɗauki alkawarin ziyartar mai tausayin nan tasu ranar ɗaya ga wata da ranar sha biyar, kuma ba wuri ɗaya ba. Yau Flushing, wani zuwan Chinatown, wani zuwan Brooklyn. Sau ɗaya a shekara su hau bas su fita bayan gari, inda aka gina wani dogon farin gunkinta a bakin tafki. Da jikinta ya shanye, masu kula da ita biyu suka ƙi kai ta, har aka kawo Gwaggo. Gwaggo ta binne 'ya'ya huɗu a Maradi, ko ɗaya bai kai yaye ba. Ta ce mini, “Ni na san abin da ke sa uwa bin ƙofa ƙofa. Ƙofar da take bugawa ba ita ba ce, amma kukan na gane shi.” Na sha jin ta a sujada tana roƙa wa ɗan Tsohuwa Allah Ya maido shi gida.

Turancinsu su biyu in an haɗa bai cika cokali ba, amma sun san wata. Gwaggo ta ce su ma da wata suke lissafi, sai dai nasu yana riga namu da kwana ɗaya ko biyu, don ba sa jiran a gani. Saboda haka ziyarar tsakiyar wata kullum da azumi a bakinta take yin ta. Sau ɗaya suka yi faɗa na gaske. Tsohuwa ta sa aka ɗauko lemo daga gaban gunkin ta miƙa mata, wai albarka. Gwaggo ta mayar da hannuwanta baya. Tsohuwa ta yi fushi, kwana uku tana juya kai in an kawo mata cokali. A na huɗu Gwaggo ta sayo lemo biyu a bakin titi, ta ɓare, ta ba ta ɗaya ta ci ɗaya. Daga ranar ba a sake miƙa mata komai daga wurin ba.

A cikinmu duka, ni kaɗai na taɓa bin ta. Shekara uku da suka wuce ne, wata Lahadi, ɗaya ga watansu. Ɗakin ibadar da za su je a Chinatown yana saman wani shagon kifi, matakalarsa tsukakkiya ce, sai mutum biyu ke iya hawa da keken. Na bi ta ina ƙunƙuni. A bakin ƙofa ta cire takalmi, na ji ta yi a'uziyya ta yi bisimilla. Ciki ja da ruwan zinari ko'ina, hayaƙin turare har yana sa ido ruwa, wata 'yar rediyo tana ta maimaita waƙa ɗaya a hankali. Ga lemo an jera, ga furanni, ga tsofaffin mata suna durƙuso a kan matasai. Ita kuma Mai Hannu Dubun tana zaune can sama, hannuwa sun fito mata ta ko'ina, kowane tafin hannu da ido a tsakiyarsa, fuskarta kamar ta macen da ta samu yara suka yi barci. Na maƙale a jikin bango.

Gwaggo ta ɗaura wa Tsohuwa ɗamarar nan mai faɗi da masu aikin jinya ke riƙe marar lafiya da ita. Ta ɗaga ta tsaye, ta tsaya a bayanta. Aka kunna turare uku. Ibadarsu da hannu biyu ake yi, na daman Tsohuwa kuwa ba ya riƙe komai. Gwaggo ta sa tsinkayen a tsakanin tafukanta, ta rufe da nata hannun daman, na hagu yana riƙe da ɗamarar. Tsohuwa ta sunkuya sau uku, Gwaggo tana bin ta a kowace sunkuyawa, don in ba ta bi ba faɗuwa za ta yi. Ina kallon leɓɓanta, kalmar shahada take yi. Tsohuwa kuwa sunan ɗanta take kira, hawaye yana bin ɓarin fuskarta da ba ya motsi.

'Yar Tsohuwa ta zo ta ɗauki uwarta a mota, mu muka shiga jirgi. Ban iya jira mun isa gida ba.

Na ce, “Gwaggo, kin san abin da idona ya gani?”

Ta ce, “Mi ya gani?”

“Kin sunkuya wa gunki.”

“Tsohuwa na sunkuya wa. In na sake ta bakinta ya bugi ƙasa, ke za ki tsinto haƙoran?”

“To turaren fa?”

“Hannunta ya mutu, na ara mata nawa. Zuciyata tana nan inda kika san ta.”

“Ki ce wa agency ɗin da suka tura ki su canza miki case, su ba ki wata mana. Tsofaffi sun ƙare ne a garin nan?”

Ta ɓare goro ta jefa a baki, ta ce, “Ke da kika maƙale a bango ko hannu ba ki sa ba, ke ce kika gaji?”

Wannan maganar ce ta ƙona ni. A yammacin nan na kira Baffa, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon kayan abinci a Soundview. Na ce masa da idona na ga Gwaggo tana yi wa gunki ruku'u da turare a hannu. Ban ambaci ɗamara ba, ban ambaci shanyayyen hannu ba, ban ambaci abin da leɓɓanta ke faɗa ba. So nake a tsawata mata, in huce. Baffa ya zo washegari, suka rufe ƙofa, muryarsa har ƙasan bene. Ita abu ɗaya ta ce, “Ni na koya maka Fatiha, ba kai za ka tambaye ni Ubangijina ba.” Ya fita, bai sake cin abincin hannunta ba. Duk Juma'a sai ta aika masa da tuwo da miyar kuka, shi kuma ya ba maƙwabta. Ta san ni ce na kai maganar, amma ba ta taɓa tayar mini da ita ba. Ni kuma na ga ta yi shiru, sai na bi shirun na ɓuya.

To ga shi ranar Laraba, gawarta tana cikin firji a gidan ajiye gawa, wanka saura kwana ɗaya, babu mai wanka. Na yafa mayafi na tafi wurin Liman, Bakano ne mai sanyin magana. Ya ce, “Hajiya ta daɗe tana sallah a bayana, kuma hoto ba shaida ba ne. Sai dai ana cewa akwai wanda ya gani da ido.”

Na ce, “Malam, ni ce.” Na faɗa masa komai, har abin da na rage wa Baffa.

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, “Da ta tambaye ni, da na ce ta tsaya a bakin ƙofa. Amma wannan ba ya fitar da mutum daga addini, hisabinta yana wurin wanda Ya san zuciya. Zan sallace ta ko ni kaɗai ne. Sai dai ba na iya ɗauro mutane da igiya, kuma wanka na mata ne. Ki je ki samu ƙaninta. In ya tsaya, kowa zai tsaya.”

Na tarar da Baffa yana jera gwangwanayen tumatir. Na durƙusa a tsakanin buhunan shinkafa, a gaban masu sayayya, na riƙe ƙafarsa.

“Baffa, don girman Allah. Rabin magana na faɗa maka a wancan lokacin. Riƙe matar take yi kada ta faɗi. Shahada take yi, na gani.”

Bai kalle ni ba. Ya ce, “Yaushe kika yi ƙarya, wancan lokacin ko yanzu?”

“Wancan lokacin, Baffa.”

“Hoton ma ke kika zana shi? Kin ga ta mutu, tausayi ya kama ki, shi ke nan sai ki gyara magana. Ni kabarina daban. Tashi, kina tare wa customers hanya.”

Idonsa ya yi ja, gwangwani ya suɓuce masa. Na san yana son ya yarda, amma ni ce na kashe shaidar da bakina. Na fito titi na rasa inda zan sa kaina. Wallahi a lokacin da za a ce in na kwanta a gaban bas za a wanke ta a sallace ta, da na kwanta.

Ban san abin da ya kai ni Chinatown ba, sai dai na ga kaina ina hawa matakalar nan ta saman shagon kifi. Ni da na maƙale a bango shekara uku da suka wuce, ga ni na zo neman wanda zai shaidi Musuluncin Gwaggo a ɗakin gunki. Mai kula da wurin wata dattijuwa ce mai askakken kai da doguwar riga ruwan toka. Na nuna mata hoton Gwaggo, na yi mata alamar ta rasu. Ta haɗa tafukanta ta rufe ido. Sai ta ja hannuna, muka bi ta bayan zauren zuwa wani lungu da suke ajiye kujeru da kwalaye.

An share wani ɗan fili a ƙasa, an manna shuɗin salatif a karkace, yana nuna alƙibla. Ga kwali a naɗe a jingine, ga 'yar butar roba irin ta ban ruwan fulawa. Da guntun Turancinta da hannu ta bayyana mini. In Tsohuwa ta gama tana hutawa, nan Gwaggo take zuwa ta yi azahar. Ta nuna mini wata kanta a bangon gaba, babu komai a kai sai zoben ƙura. Da akwai ƙaramin gunki a wurin. Gwaggo ta nuna musu ba za ta iya sallah yana gabanta ba, su kuma suka ɗauke shi suka mayar wani ɗaki. Tsohuwa ta yi shekara da rasuwa, amma ba su mayar da shi ba, ba su ɓare salatif ɗin ba, wai ko za ta dawo.

Na zauna a kan kwalin na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Na ɗauki hoton lungun, na tura guruf da dogon bayani, na roƙi kowa ya tura gaba. Hoton farko awa ɗaya ya ishe shi ya tsallaka teku. Wannan mutum biyu suka amsa, ɗaya ta ce “Allah sarki”, ɗayar ta ce salatif ai kowa yana iya mannawa.

Ranar Alhamis da safe na isa ɗakin wankan da likkafaninta a jaka da ganyen magarya, ni da ban taɓa wanke gawa ba. Na tarar da mutum biyu a bakin ƙofa, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi da matar nan ta Jamaica. Maƙwabciyar ta ce, “Ni ban san hoto ba kraa, ko kaɗan. Lokacin da na haihu, shi ya wanke ni, shi ya gasa ni. Mu shiga.” Haka suke magana, mace ma “shi” ce a bakinsu, Gwaggo ta sha tsokanarta a kai.

Muka yi da abin da kowaccenmu ta tsinta a bakin Gwaggo. A fara da alwala, a fara da dama, a rufe ta kada a kalli abin da ba ta so a kalla, ruwan kada ya yi sanyi. An ce mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani sai alheri, to wannan alheri ne, zan faɗa. Da na ɗaga hannunta na dama, na ga bayansa cike da ƙananan tabo, wasu sun yi baƙi wasu sun yi fari. Na san su, na ɗauka man suyar ƙosai ne. Maƙwabciyar, wadda ita ma aikin tsofaffi take yi, ta juya hannun ta duba na hagu, babu ko ɗaya. Ta ce, “Wannan ba mai ba ne, tokan turare ne. Hannun da ya mutu ba ya jin wuta, sai ya ƙone bai sani ba. Shi ya sa ya ɗora nasa a sama.” Shekara biyar, sau biyu a wata. Na sumbaci hannun, na zuba masa ruwa.

Bayan azahar na tsaya a tagar ɓangaren mata ina leƙen harabar da aka ajiye makara. Masallacin ya yi rabi a sallar azahar. Da aka yi sallama aka ce akwai jana'iza, sai na ga mutane suna neman takalmansu, kowa kansa a ƙasa. Wasunsu na san yawan lomar da suke yi a tuwon Gwaggo. Waɗanda suka rage bayan Liman mutum bakwai ne: mijina, mijin maƙwabciya, 'yan tasi biyu, wani tsoho mai sayar da hula, da baƙi biyu da ba su san ko wace ce ba. Liman ya dube su, ya dubi ƙofa, ya jira har jiran ya zama abin kunya. Sannan ya raba su sahu uku, yadda ake so a yi wa mamaci: uku a gaba, biyu a tsakiya, biyu a baya. Ya ɗaga murya ya yi kabbara kamar mutum dubu ne a bayansa.

A tsallaken titi 'yar Tsohuwa tana tsaye da dattijuwar nan mai askakken kai. Sun ji abin da hoton ya jawo, suka ƙi matsowa kada su ƙara mata laifi. Suna nan tsaye har motar gawa ta sha kwana.

Jiya da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baffa ne, yana haki, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya ƙi shigowa. Ya ce ya je Chinatown da ƙafarsa, bai gaya wa kowa ba. Ya hau matakalar, an nuna masa lungun, ya fito da wayarsa ya auna alƙiblar, ta yi daidai.

Ya ce, “Mutum nawa suka sallace ta?”

Na ce, “Bakwai, Baffa.”

“Sahu nawa?”

“Uku. Na ƙarshen mutum biyu ne.”

Ya zauna a kan matakala, ya cire hularsa ya riƙe. Can ya ce, “Ashe akwai wurina a sahun.” Na zauna a matakalar ƙasa da tasa, muka yi ta kuka, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Ya Allah, baiwarKa ce 'yar bayinKa, ta zo maKa da mutum bakwai a bayanta. Ka gafarta mata, Ka yalwata makwancinta, Ka haɗa ta da 'ya'yanta huɗu. Ku da kuka karanta wannan, ku yi mata addu'a ko da sau ɗaya ne, ku da kuka zo da ku da kuka nemi takalmanku. Ni shekara uku muna kwana gida ɗaya ban buɗe baki na ce ta yafe mini ba, yanzu kuma babu wanda zan ce wa. Ya Allah, kada Ka kama ta da abin da harshena ya faɗa.